Baƙin ƙyallen da na hana Likita

Wanda ya ba mu aron taubashina Likita ya aiko an karɓi kayansa. Ba mu yi gardama ba, domin tun farko mun san aro ne. Allah ya jiƙansa.

Zaman makokin na yi shi a kan tabarma ɗaya, a ƙofar gidansu da ke Adarawo, cikin Yola. Ni tela ne, kuma tela ko a wurin makoki ba ya daina auna mutane da ido. Tsofaffin sojoji sun zo a jere, kowa da irin ɗingishinsa. Ɗaya daga cikinsu ya ƙame a bakin zaure ya sara wa ƙofa, sai da na kusa da shi ya ja masa riga sannan ya tuna addu'a aka zo yi. Suka ce Kanar namiji ne, hannunsa ba ya rawa ko ana ɓarin wuta a bayan tanti. Bayan su sai ga mutanen kasuwar Jimeta an cika kekunan haya: mahauta, masu tumatir, masu gyaran waya, da matan layin atamfa waɗanda suka wuce cikin gida. Su ba su san wani Kanar ba, Baba Mai Ƙyalle suka sani. Wani mahauci mai ƙiba ya shafa addu'a, ya ce, "To yanzu wa zai riƙa duba mu kyauta?" Aka fara dariya, aka tuna inda ake, aka haɗiye ta.

Babban wan marigayin, wanda duk muke kira Hamma, shi ke karɓar gaisuwa. Sojoji yana miƙewa ya ba su hannu biyu. 'Yan kasuwa kuwa a zaune yake amsa musu, idonsa a kan carbi. Na ji yana ce wa wani baƙo, "A tuna shi da kakinsa. Abin da ya biyo baya jarrabawa ce, kuma Allah ya riga ya suturta."

'Yar marigayin ma ta ji. Malamar makaranta ce, ita ta riƙe shi a shekarunsa na ƙarshe. Ta aiko aka kira ni bakin ƙofar ciki, ta ce, "Bappa Tela, ana so a yanke mini rabin uba. Kai ka san shi duka. Ka rubuta." Na ce mata karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ko a can ɗin da ƙyar aka bar ni na kai. Ta ce in rubuta yadda nake magana. Wannan babbar kasada ce ta ɗauka, amma ita ta nema.

Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce. Su Fulanin tsohon gari ne, mu kuwa jikokin maɗinka ne da suka biyo fatauci suka yi zamansu a Limawa, shi ya sa yake kirana Kaɗo. Ka ga ke nan taubasai, masu lasisin zagin juna tun daga haihuwa. A al'ada ɗaya bawan ɗaya ne, kuma a nan rigimarmu take: shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce shi nawa ne. Mun kai ƙara gaban kakarmu muna yara, ta kore mu da muciya. Daga nan babu alƙalin da ya sake karɓar shari'ar.

Shi ya bi boko har ya ƙure ta, ya zama likitan tiyata, ya shiga soja. Ni na hau keken ɗinki ban sake sauka ba. Amma ina so a rubuta cewa sana'armu ɗaya. Duk lokacin da ya zo hutu sai ya shigo shagona, ya ɗauki rigar da na gama, ya juya cikinta, ya ce, "Kaɗo, wannan ɗinkin a karkace yake. Da mutum ne da ya mutu."

Ni kuma in ce, "Kai ai sai ka sa mai kaya ya yi barci kafin ka fara. Ɗinka masa ido biyu ka ji ƙorafi."

Yana da wata ɗabi'a tun yana saurayi. Idan ka ba shi hannu ba ya sakewa. Sai ya zame yatsunsa zuwa wuyan hannunka ya yi shiru yana kallon sama. Kai kana tsammanin ƙauna ce, shi kuwa bugun jininka yake ji. Kuma ko abinci aka ajiye a taro, kafin ya sa hannu sai ya duba fuskoki ya ce, "Wa ya fi gaggawa?" Wanda ya fi kama da mai yunwa shi za a tura wa akushi. Na ci riba da wannan ɗabi'a shekaru masu yawa, saboda Allah ya yi ni da fuskar yunwa.

Yana gab da ajiye aiki fitinar mutanen daji ta taso. Wanda yake Yola da Jimeta a lokacin ba ya bukatar a ba shi labari. Mutane suka yi ta kwararowa daga arewacin jiha, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa da takalmi ɗaya. Gidan da ke da ɗaki uku ya ɗauki gida uku. Nawa ma har ɗakin ajiyar yadi an shimfiɗa tabarma. Kowa yana gudowa kudu, shi aka tura shi arewa. Na ce masa, "Tsoho da kai, ka ce musu gwiwa tana ciwo mana." Ya ce, "Wa ya fi gaggawa, gwiwata ko su?"

Wata rana ina cikin yanka sai ga wayarsa, murya can nesa. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Kaɗo, ƙyallayen da ke zuba ƙarƙashin teburinka, tara mini. Ja, rawaya, kore, baƙi. Ka yayyaga su sirara. Direba zai zo." Na ce ko ya gaji da likitanci ne zai koma ɗinkin bargo. Bai yi dariya ba. Na cika buhu na ba direba. Bayan wani lokaci aka sake aikowa, na sake cikawa.

Sai da ya zo ganin gida na ga yadda ya rame, wandon da na ɗinka masa yana neman mutum biyu. Muna zaune a shago na tambaye shi batun ƙyallayen. Ya ce idan mota ta sauke masu rauni da yawa lokaci ɗaya, likita kuwa ɗaya ne, to dole a zaɓa. Akwai katin da ake rataya wa kowa, amma katin ya ƙare tuntuni. Sai ya koma ɗaura ƙyalle a wuyan hannu. Kore, mai iya tafiya da ƙafarsa. Rawaya, yana jin jiki amma zai iya jira. Ja, yanzun nan ko a rasa shi.

Na ce, "Baƙi fa?"

Ya ce, "Baƙi shi ne wanda idan na tsaya a kansa, ja biyu za su mutu, shi ma ya bi su. Sai in ɗaura masa in wuce. Wani yana kallona."

Ya ce suna makaranta sun karanta labarin likitocin yaƙi na zamanin kakannin kakanni, masu aiki da zarto da tsumma da ruwan zafi, suna yi musu dariya. "Ranar da mai ya ƙare a janareto, wani yana haska mini da tocila, na roƙi gafararsu ɗaya bayan ɗaya."

Ni kuwa na kalli ƙarƙashin teburina. Ragowar wandon wani lauya, bakin hijabin wata hajiya. Ashe abin da na riƙa aikawa ke nan.

Ya yi ritaya lafiya, da lambar yabo da liyafa. Ya dawo gidan gado a Adarawo. Da farko abin kaɗan ne. Zai wanke hannu, ya goge, ya koma ya sake wankewa, har fatar ta tsattsage. Idan iska ta buga ƙofa sai ya miƙe tsaye. Matarsa ce ta san yadda take lallaɓa shi, tana cewa gajiya ce. Da Allah ya karɓi ranta, gajiyar ta fito fili.

Wata safiya ya shigo shagona da farar rigarsa ta asibiti a kan kaftani, ya ce, "Kaɗo, kayan aiki." Na gane. Na duƙa na tattaro ja da rawaya da kore. Ya juya su a hannu ya ce, "Baƙi?"

Na ce, "Ya ƙare."

"A shagon tela?"

"Ba a kawo shi yanzu. Kamfanin ya ƙone."

Ya dube ni kamar yadda yake duban ɗinkina, amma ya karɓa. Yana fita na kwashe duk wani baƙin yadi na kai wa maƙwabcina. Daga ranar har ya bar duniya ban sake karɓar ɗinkin baƙi ba. Lauyoyi suka watse mini. Masu abaya suka ce na yi girman kai. Wata mata ta yaɗa cewa wani malami ne ya hana ni taɓa baƙi don kasuwa ta buɗe, har teloli biyu a layinmu suka kwaikwaya. Ban gyara musu ba.

Shi kuwa ya shiga kasuwa yana zagaye. Zai ba ka hannu, ya zame zuwa wuyan hannunka, ya kalli sama, sannan ya zaro ƙyalle ya ɗaura. Yawancin mutane kore suke samu. Masu tumatir suka mayar da abin wasa, kowa yana nuna nasa. Mahaucin nan mai ƙiba ya samu ja, Likita ya ce masa, "Ajiye wuƙar ka tafi asibiti." Ya tafi ne don kawai a daina yi masa dariya, can aka ce jininsa ya hau inda bai kamata ba, aka kwantar da shi. Da ya dawo, tsokar da yake aiko wa Likita ni nake ci, a matsayina na ubangidansa.

Amma kada in yi ƙarya don ana ta'aziyya. Ba kullum abin yake da daɗin kallo ba. Akwai ranakun da yara ke bin sa suna waƙa. Akwai ranakun da zai tsaya tsakiyar hanya yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba, yana ce musu su riƙe fitila da kyau. Akwai ranar da bai gane 'yarsa ba, ya tambaye ta ina raunin yake.

Akwai kuma ranakun da yake garau, ya fi ni hankali, wanda dama ba abu ne mai wuya ba. A irin wannan rana ce ya ce mini, "Na san sunan abin da ke damuna. Na koyar da shi a aji. Sanin sunansa bai hana shi shigowa ba." Sannan ya ce, "Hamma ya fara maganar wani gidan mari a ƙetaren kogi. Na san wurin. Na taɓa ɗinke ƙafar wani da mari ya cinye. Kaɗo, duk abin da zan zama, kada ka bari a ɗaure ni."

Na ce, "Wa zai ɗaure bawana ina raye?"

Ya ce, "Ba wasa nake ba."

Na ce, "Ni ma."

Ba a daɗe ba aka gwada alkawarin. Tayar wata babbar mota ta fashe a bakin kasuwa, da rana tsaka. Kowa ya firgita ya koma harkarsa, ban da shi. Ya riƙa ture mutane yana cewa a kwanta, ya kifar da tiren wata mai gyaɗa, ya ja wani dattijo har ƙasa. Da ƙura ta lafa ya duba bai ga mai rauni ba, sai ya tsaya yana haki. Kusa da shi akwai tsohuwar lema baƙa ta mai gyaran takalmi. Ya yage bakinta, ya ɗaura a wuyan hannunsa da haƙori, ya zauna a gefen kwata. Ni da na hana shi baƙi a shago, ban yi lissafin lema ba.

Daga ranar ya daina zagaye. Ya daina wanke hannu ma. Abinci sai 'yarsa ta yi kuka yake taɓawa. Idan aka kai hannu wurin ƙyallen sai ya janye, ya ce, "Ku wuce. Akwai waɗanda suka fi gaggawa."

Hamma ya tara mu a zaure. A ƙa'ida shi ma taubashina ne, amma fuskarsa ba ta da wurin ajiye wasa, don haka tun muna yara nake tsallake shi. Ya ce mutuncin gida ya zube a kasuwar Jimeta. Ya ce yau an ja dattijo ƙasa, gobe ba a san wa za a ja ba. Ya ce ya gama magana da masu wurin, mota za ta zo. Kuma ba mugunta ce ta sa shi ba. Tsoro ne. 'Yar Likita tana durƙushe a bakin ƙofa, kunya ta hana ta musa wa wan mahaifinta.

Na gyara hula na ce, "Hamma, ina da tambaya ta shari'a."

Ya ce, "Tela, ba lokacin shirmenka ba ne."

"Ɗan goggo da ɗan kawu, ɗaya bawan ɗaya ne ko ba haka ba?"

Wani tsoho a gefe ya ce haka ne.

"To wannan mutumin kayana ne. Shekara da shekaru yana musu, yanzu ya daina musu, shari'a ta faɗo hannuna. A wane gari ake ɗaure kayan mutum ba a tambaye shi ba? Kai ma, Hamma, in aka bi diddigi, cikin kayan nawa kake. Ban taɓa nema ba ne saboda ba ka da amfani a shago."

Sai tsohon nan ya fashe da dariya, wasu suka bi. Hamma ya haɗiye fushinsa. Duk Yola babu wanda zai yi fushi da taubashi a gaban mutane ya kwana da girmansa. Dariyar ce ta buɗe wa yarinyar ƙofa. Ta ce, "Bappa, a ba ni dama. Akwai likitan ƙwaƙwalwa da Baba ya koyar, ya ce in kawo shi. Da safe kuma ya riƙa zama wurin Bappa Tela, kada ya kaɗaita."

Hamma ya ce, "Zuwa bayan salla. In bai canza ba, ba na son jin bakin kowa. Musamman kai."

Aka fara magani. Ya ɗan samu barci, ya ɗan ƙara loma. Amma ƙyallen yana nan. Kullum yana zaune a bencin shagona kamar wanda ke jiran mota, ni ina taka keke ina zaginsa, ba ya ramawa. Zagin da ba a ramawa ba shi da daɗi, duk wanda ya yi aure ya sani. Salla tana matsowa, ni kuma dabarata ta ƙare.

Ana cikin haka wata rana da hantsi wani mai keke napep ya tsaya a ƙofar shago. Mutum ne mai furfura kaɗan, yana jan ƙafa ɗaya, Hausarsa irin ta mutanen duwatsun arewa. Ya ce wata fasinja ya ɗauko da koren tsumma a hannu, ya tambaye ta, ta ba shi labarin wani tsoho mai ɗaura wa mutane ƙyalle. Tun ranar yake tambaya layi layi. Yana cikin magana idonsa ya faɗa kan benci. Ya durƙusa da ƙyar.

Ya ce, "Likita. Kai ne ka ɗaura mini baƙi."

Na ji ƙafata ta sauka daga keken ɗinki da kanta. Likita ya ɗago. Ya ce a hankali, "To ka zo ke nan. Na san ɗayanku zai zo."

"Na zo. Ni da yarona aka sauke mu daga mota ɗaya. Ka duba cikina, ka ɗaura baƙi. Ka duba yaro, ka ɗaura ja, ka ɗauke shi. Ina gani, bakina ne ba ya motsi. Da yana motsi, abin da zan ce ka yi ke nan."

Likita ya ce, "Na wuce ka."

"Ka wuce. Kuma ka dawo."

"Ban dawo ba. Ba na dawowa."

"Ka dawo, Baba. Rana ya kusa faɗuwa, ka gama da masu ja, riganka duk jini. Mu masu baƙi an jera mu a bayan tanti, ƙarƙashin itace. Ka bi mu ɗaya ɗaya. Wanda ya tafi ka rufe masa ido. Wanda bai tafi ba ka ɗiga masa ruwa, ka riƙe hannunsa. Musulmi ka yi masa shahada, wanda ba Musulmi ba ka ce ya kira Allah yadda ya saba. Da ka zo kaina ka riƙe nan," ya nuna wuyan hannunsa, "ka kalli sama, ka ce, wannan mai taurin kai ne, ku kawo fitila."

Mai keke ya ɗaga rigarsa. Ɗinki ne daga ƙirji har ƙasan cibiya. Na sa tabarau na duba da idon sana'a, kuma tilas in faɗi gaskiya ko a kan mamaci: a karkace yake.

Na ce, "Likita, dubi aikinka. Da riga ce da an dawo maka da ita."

Sai na ji wata ƙaramar murya daga benci: "Ai ka ji da fitila na yi shi, Kaɗo. Kai da rana tsaka kake karkatawa."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Likita ya sa yatsa yana bin ɗinkin. Ya ce, "Ban tuna ba. Wucewar kawai nake tunawa."

Mai keke ya ce, "Kai ka riƙe wucewa, ni na riƙe dawowa. Sojojin da ke wurin sun ce kullum haka kake yi. Yaron yana nan, ya yi aure, matarsa ya haihu."

Likita ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba shi da sauti. Muka bar shi. Da ya gama, mai keke ya kama hannunsa ya fara kwance baƙin ƙyallen, Likita bai janye ba. Na yi sauri na miƙo kore. Likita ya girgiza kai. Ya sa yatsu biyu a wuyan hannunsa, ya kalli sama, ya daɗe, sannan ya ce, "Kada ku yi wa aiki ƙarya. Rawaya. Yana jin jiki, amma zai iya jira."

Rawaya muka ɗaura.

Bayan salla Hamma ya zo shagon da kansa, karo na farko a rayuwarsa. Ya tsaya a ƙofa ya ga ƙaninsa yana cin ƙosai yana gardama da mahauci. Likita ya ba shi hannu, ya zame, ya ɗaura masa kore. Hamma ya kalli abin kamar an ɗora masa ƙadangare, amma bai cire ba har ya shiga mota. Maganar ƙetaren kogi ba ta sake tashi ba.

Ba zan ce ya warke ba. Ya ci gaba da shan magani, 'yarsa ta ci gaba da kai shi wurin ɗalibinsa, kuma akwai ranakun da mutanen bayan tanti ke dawo masa. Amma yanzu idan sun zo, akwai mai ce masa, "Ka dawo, Baba." Mai keken nan shi ya riƙa ɗauko shi daga Yola kowace safiya ya mayar da shi bayan azahar. Ranar sunan jikan mutumin na biyu, Likita ne ya zauna a gaba. Wasu tsofaffin sojoji da barci ya ƙaurace musu suka ji labari, suka fara zuwa bencina. Ba ya ba su magani. Yana sauraronsu, sannan ya ce, "Rawaya ne kai, kamar ni. Ga inda za ka je," ya kwatanta musu ofishin ɗalibinsa. Shagona ya zama asibiti, ni ko sannu hukuma ba ta ce mini ba.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, na 'yan kwanaki. Ya cika bayan la'asar, a kan gadonsa, ƙofa a buɗe, 'yarsa tana riƙe da hannunsa.

Likkafanin ni na yanka, domin babu telan da zai taɓa shi ina numfashi. Wanda ya taɓa haɗa gawa ya san ana yage siraran ƙyallaye daga jikin farin yadin, a ɗaure wajen kai, da tsakiya, da ƙafa. Na yage su kamar yadda na saba yage masa. Da aka zo ɗaurewa hannuna ya tsaya. Na ce a raina, ka ga mutumin da ya yi alkawari. Na ɗaura dai, amma sako-sako, irin ɗaurin da ja ɗaya ke warware shi.

A maƙabarta aka sa shi a makwancinsa. Liman ya ce wani ya kwance ɗaurin, kamar yadda ake yi kafin a jera itace. Samari suka matso. Sai Hamma ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Bai kalle ni ba, ya ce, "Tela, sauka. Bawanka ne."

Mai keke ya riƙe ni ta hammata, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohon almakashi. Na kwance na kai. Na kwance na tsakiya. Na kwance na ƙafa. Na duba da kyau ko akwai sauran ƙulli, babu.

Hamma zai ci gaba da cewa a tuna shi da kaki, kuma ban ga laifinsa ba, kowa da yadda ƙauna take kama shi. Ni dai na rubuta duka yadin, har da inda ya tsage.

Ya Allah, ga taubashina nan ya iso, ba a ɗaure ba. Ya bi bayinka ɗaya ɗaya a ƙarƙashin itace lokacin da babu mai ganinsa sai Kai. Ka yafe masa, Ka yalwata masa, Ka ba shi barcin da ya rasa a nan. Ka ba 'yarsa haƙuri, da Hamma, da mutanen bencina. Shari'armu kuwa Hamma ya yanke ta a gaban shaidu, amma na san Likita zai ɗaukaka ƙara. Ya jira ni. Na duba hannuna da safen nan, rawaya ne.